Kurakuran da aka fi yi wajen sayen baka mai kwancewa na farauta da atisaye

Baka mai kwancewa gida uku ne: mariƙi a tsakiya, reshen sama da reshen ƙasa masu lanƙwasasshen kai, sai tsirkiya ta haɗa su. Duk darajarsa a abu ɗaya take, wato kana iya kwance rassan ka ɗaura wasu, mariƙin yana nan yadda yake. Kowane sabon maharbi ya san wannan a baki, amma da an zo saye sai ya manta, ya zaɓi baka kamar wanda ba za a ƙara taɓa shi ba har abada.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne kashe wa mutane sha'awar harbi, shi ne sayen baka mai nauyin ja fiye da ƙarfinsu. Mutum ya ji an ce farautar barewa tana son laba 45 ko 50, sai ya ce bari ya sayi 50 tun farko ya huta. Ba zai huta ba. Wannan bakan ba irin mai tayoyi ba ne da ke rage maka nauyi idan ka ja shi ƙarshe. A nan duk laba 50 ɗin tana kan yatsu uku, kuma sai ka riƙe ta a gefen bakinka har ka gama saiti. Tsokokin da ke wannan aiki na tsakanin kafaɗu ne ta baya, kuma ko mai ɗaga ƙarfe bai cika motsa su ta wannan hanya ba. Abin da ke biyo baya a bayyane yake: kafaɗar hannun da ke riƙe baka ta ɗage sama, mutum ya daina kai tsirkiya wurin da ya kamata ta tsaya, ya dinga saki da zarar idonsa ya sauka kan abin bara. Wannan sakin gaggawa idan ya kama jiki, gyara shi ya fi koyon harbi daga farko wuya. Ga ciwon kafaɗa a kai.

Babba mai lafiya ya fara da laba 25 zuwa 30, mai ƙaramin jiki da 20 zuwa 25. Ni ma'aunina shi ne ka ja bakan a hankali ba tare da ka ɗaga shi sama ba, ka riƙe daƙiƙa 10 hannunka bai yi rawa ba, ka maimaita sau 10. Idan ka kasa, ya fi ƙarfinka, komai girman ƙirjinka. Bayan wata uku zuwa shida na harbi a kai a kai sai ka sayi rassan gaba, kana hawa da laba 5, in ya yi yawa 10. Kuɗin rassa biyu bai kai na sabon baka ba, kuma tsofaffin ba su zama asara ba, da su za ka riƙa gyara tsayuwa da saki. Baka ɗaya, rassa kashi biyu: masu sauƙi na atisaye, masu ƙarfi na daji. Kafin ka shiga dajin kuma ka duba dokar farauta ta inda kake, don wurare da yawa sun sa mafi ƙarancin nauyin ja, a jihohin Amurka da dama yana tsakanin laba 30 zuwa 40 ga barewa.

Lambar da ke rubuce a jikin reshe ma mutane ba sa karanta ta daidai. An auna ta ne a jan inci 28, wato idan an ja tsirkiya baya har inci 28. Kowane inci da ka ƙara yana ƙara kusan laba 2 zuwa 2 da rabi, kowane inci da ka rage yana ragewa haka. Dogon mutum mai jan inci 30 da ya sayi 45, kusan 50 yake riƙewa. Don sanin naka, buɗe hannuwanka biyu, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa da inci, ka raba da 2.5. Ƙiyasi ne, amma ya isa a fara da shi. Wannan lissafin ne kuma zai gaya maka tsawon bakan. Mai inci 62, irin Samick Sage da makamantansa, yana yi wa mai jan inci 29 zuwa ƙasa daidai. Wanda ya wuce nan ya nemi 64 ko sama, in ba haka ba tsirkiya za ta matse masa yatsu, nauyin kuma ya taru gaba ɗaya a incin ƙarshe. Gajeren baka mai inci 56 ko 58 yana da daɗin ratsa kurmi, amma ba ya yafe kuskuren saki.

Wani kuskuren kuma, sai a sayi mariƙin da ba a san wanda ya ƙera shi ba saboda ya fi araha da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka tashi ƙara nauyi, babu rassan da za su hau shi. Rassan da ake ɗaurewa da noti ba tsari ɗaya gare su ba, kowane kamfani da nasa rami da faɗi. Kafin ka biya, tabbatar ana sayar da rassan wannan bakan daban, daga laba 25 har 50. In kuɗinka zai kai, ɗauki mai tsarin ILF, wanda rassan kamfanoni daban-daban ke shiga. Sai dai ka lura: yawancin rassan ILF a kan mariƙi mai inci 25 aka auna su, kuma duk incin da mariƙi ya ragu suna ƙara kusan laba 1. Rassan laba 30 a kan mariƙin farauta mai inci 19 sun zama kusan 36.

Abin da ke ba ni haushi ƙwarai shi ne yadda ake kwana ana binciken baka, sannan a kwashi duk kibiyar da aka gani. Kibiya ce ke tafiya, bakan yana hannunka! Kibau na kyauta da ake cusawa cikin kwalin baka mai araha galibi ba don wannan bakan aka zaɓe su ba. Kowace kibiya tana da lambar tauri, kuma ƙaramar lamba ita ce mai tauri: 400 ta fi 600 ƙarfi. Bakan laba 25 zuwa 30 yana son 700 ko 800, na 45 yana son wajen 500. Ga mai ja da hannun dama, kibiya mai tauri fiye da kima hagu take nufa, mai laushi kuma dama. Mutum sai ya yi ta zargin idonsa da bakansa alhali kibiyar ce ba tasa ba. Tsawonta ya wuce janka da inci 1 zuwa 2, kada kanta ya faɗo maka a hannu. Nauyinta kada ya gaza giren 8 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) ga kowace laba ta bakan, na farauta ni 10 nake so, wato giren 450, kusan giram 29, ga bakan 45. Kibiya marar nauyi tana bar wa rassa ƙarfin da ya kamata ta ɗauke, bakan ya yi ƙara, ya gaji da wuri. Kuma idan daga kan kantar mariƙi, inda kibiya ke kwanciya, kake harbi, gashin tsuntsu za ka sa wa kibiya, na roba dukan kantar yake ya karkatar da kibiya. Kan atisaye da kan farauta mai kaifi su zama nauyi ɗaya, giren 125 shi aka fi samu.

Kada ka taɓa ɗaura tsirkiya ta hanyar ratsa ƙafa ka tanƙwara bakan. Haka rassa ke murɗewa. Igiyar ɗaura tsirkiya ita ce mafi araha a duk kayan, a saya ta tare da bakan, haɗe da makarin hannu da fatar yatsu. Kada a saki tsirkiya babu kibiya, ko sau ɗaya. Kada a bar baka cikin mota a rana, zafi yana sakin gam ɗin da ya haɗa katako da faiba. Bakan hannun dama da hagu ake riƙe shi, dama ke ja, mutane da yawa sun yi odar akasin abin da suke so. Babban madaukin tsirkiya na reshen sama ne, reshen da ke ɗauke da rubutun nauyi kuma galibi shi ne na ƙasa.

Tsirkiya iri biyu ce: Dacron mai ɗan miƙewa, da marar miƙewa irin Fast Flight, wadda ba a sa ta sai an ƙarfafa kawunan rassan. Bakan inci 62 tsirkiyar wajen inci 58 yake ɗauka. Sabuwar Dacron tana miƙewa a makonnin farko, tazarar da ke tsakaninta da mariƙi ta ragu, sai ka ji tana dukan hannu, bakan yana ƙara. A irin wannan bakan tazarar ta zauna tsakanin inci 7 da rabi zuwa 8 da kwata. In ta ragu, kwance tsirkiyar ka ƙara mata murɗi kaɗan, ka ɗaura, ka sake aunawa. Alamar da kibiya ke zama ƙarƙashinta a kan tsirkiya kuma ka fara ta da rabin inci sama da daidai kantar, ka riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan har kibiya ta daina rawa sama da ƙasa.