Yadda Ake Goge Fayil Ɗin da Ya Ƙi Goguwa a Kwamfuta

A shagon da nake aikin buga takardu da ɗan gyaran kwamfuta, duk yaron da ya zo koyo sai na ga ya yi abu ɗaya. Zai danna Delete, akwati ya fito a allo ɗauke da rubutu layi biyu, kafin ka ƙifta ido ya danna Try Again sau biyar, sannan ya waiwayo ya ce, "Oga, bairos ne." Ka tambaye shi me akwatin ya ce, sai ya yi zuru, don ko kallonsa bai yi ba. Alhali a cikin layi biyun nan Windows ta riga ta faɗa maka dalilinta na ƙin gogewa, kuma kowane dalili da maganinsa. Bayanin nan na masu Windows 10 da Windows 11 ne.

Saboda haka ka fara da karanta saƙon. In ka ga open in another program, wata manhaja ce ke riƙe da fayil ɗin. In ka ga permission, maganar izini ce. In ta ce Could not find this item, ga shi kuwa kana kallon abin da idonka, ko ta ce too long, to sunan ne ke da matsala. In kuma a filash ne ko memori, ta ce write-protected ko corrupted, wannan ciwon na jikin na'urar ne.

Kafin mu shiga, ka tambayi kanka: wannan abin nawa ne? Akwai fayilolin da ƙin goguwarsu rahama ce. Duk abin da ke cikin foldar Windows, musamman System32, ka bar shi inda ka gan shi. Haka pagefile.sys da hiberfil.sys, fayilolin da Windows ke amfani da su da kanta, duk da girmansu yana tsone wa mai ƙaramin hadis (hard disk, ma'ajiyar kwamfuta) ido. Idan hiberfil.sys ne ya dame ka, umarnin powercfg /h off, da ake rubutawa a baƙar tagar umarni (cmd) da za mu zo kanta a gaba, shi ne ke kawar da shi cikin mutunci. Foldar Windows.old kuwa, wadda ke bayyana bayan an ɗaga Windows zuwa sabuwa, da kanta take tafiya bayan kwana 10, in kuma ba za ka iya jira ba, ka bi ta Disk Cleanup ka zaɓi Clean up system files.

Wa ke riƙe da shi?

Mafi yawan taurin kan fayil daga nan yake, kuma nan ne masu koyo suka fi yin gaggawa. Idan manhaja ta buɗe fayil, Windows kan rubuta cewa wance na amfani da wannan, kada a taɓa. Matsalar ita ce wani lokaci ka rufe tagar manhajar, amma ita tana nan a ɓoye ba ta saki ba. Kamar wanda ya ajiye jarkarsa a layin famfo ya tafi shan shayi ne: ba ka ganinsa, amma wurin nasa ne har sai ya dawo ya ɗauke.

Ka rufe duk abin da ke buɗe, har da waɗanda suka laɓe a ƙasan allo kusa da agogo. Sannan ka duba gefen dama na tagar da kake ganin fayilolin. Idan akwai wurin da ke nuna maka hoton abin da ke cikin fayil kafin ka buɗe shi, shi kansa yana iya zama ɓarawon. Da ka ɗora linzami a kan PDF don ka goge, shi kuma sai ya buɗe shi don ya nuna maka, sai su yi karo. Danna Alt da P tare, ya rufe, ka sake gwadawa. Ba zan iya ƙirga sau nawa wannan kaɗai ya kashe magana ba.

Bai yi ba? Ka yi Restart. Na ce Restart, ban ce Shut down ba. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 akwai tsarin da ake kira Fast Startup, wanda idan ka kashe kwamfuta yake adana zuciyar Windows yadda take, ya dawo da ita haka nan idan ka kunna, don ta tashi da wuri. Ke nan in abin da ya riƙe fayil ɗin a can ciki yake, za ka kashe ka kunna ka tarar da shi yana jiranka. Restart ne ke wanke komai.

In har bayan wannan yana nan, lokaci ya yi da za a kira mai laifi da sunansa. Danna maɓallin Windows da R, rubuta resmon, danna Enter. Resource Monitor zai buɗe. Shiga shafin CPU, ka nemi layin da aka rubuta Associated Handles, a gefensa akwai ɗan akwatin bincike. Rubuta wani ɓangare na sunan fayil ɗin, ba sai duka ba, ka ɗan jira. A tsohuwar kwamfuta yakan ɗau lokaci, kada ka ce ya maƙale. Zai jero maka sunan duk manhajar da ke riƙe da shi.

A nan sai an yi hankali, don abin da za ka yi ya danganta da sunan da ka gani. In ka ga WINWORD.EXE ko vlc.exe ko mai buɗe PDF, danna shi da ɓangaren dama na linzami ka zaɓi End Process, amma ka tabbata ka adana aikin da kake yi a cikinsa tukuna. In explorer.exe ne, kada ka kashe shi a nan, allonka zai koma fayau ba ko sandar ƙasa. Ka buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, ka nemo Windows Explorer, ka danna Restart. In dllhost.exe ne, wanda saƙon kan kira COM Surrogate, yawanci ƙoƙari yake ya zana ɗan hoton wani bidiyo da ya lalace ko bai gama sauka ba, kashe shi ba ya cutarwa. In MsMpEng.exe ne, mai gadin Windows ne yake bincikar fayil ɗin, ka ba shi minti kaɗan ya gama. In OneDrive ne, wato manhajar Microsoft mai ɗora fayilolinka a intanet, dakatar da shi daga kusa da agogo. In kuma saƙon ya ce fayil ɗin a buɗe yake a System, kuma fayil ɗin ISO ne, wato kwafin faifai a cikin fayil ɗaya, to ka taɓa danna shi sau biyu, Windows ta ɗora shi kamar faifai. Je This PC ka yi masa Eject. Su svchost.exe da csrss.exe kuwa, ko sun fito ba ruwanka da su.

Wani abu da ya taɓa cinye mini rabin awa: folda ta ƙi tafiya, na bincika ko'ina, ashe baƙar tagar umarni ce na bari a buɗe tana tsaye a cikin foldar. Ba a rushe ɗaki da mutum a ciki.

Za ka ji ana cewa ka sauke wata manhaja mai ɓalle makulli daga intanet. A shagona haramun ne. Ka ƙona datarka, ka je wani shafi mai maɓallan Download guda huɗu, uku na ƙarya, ka dawo da tarkacen talla da ya fi fayil ɗin da kake yaƙi da shi taurin kai. In dole sai ka sauke wani abu, ka tsaya a kayan Microsoft: Process Explorer, wanda Mark Russinovich ya rubuta kuma kamfanin ya saye shi tare da sauran kayan Sysinternals a 2006, ko File Locksmith da ke cikin PowerToys. Duka kyauta ne, kuma aikin da resmon ya yi maka su ma shi za su yi.

Idan manhajar tana dawowa da zarar ka kashe ta, sai Safe Mode. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Windows za ta tashi tsirara, ba 'yan rakiya, ka je ka goge abinka. Mai sabuwar laftof ya fara tanadar mabuɗin BitLocker ɗinsa mai lamba 48, wato na makullin da Windows ke kulle hadis da shi, don tana iya tambaya a hanya.

Baƙar taga, da abin da ta yi mini

Yanzu mun zo inda ni kaina na sha kashi. Rubuta cmd a wurin bincike, ka zaɓi Run as administrator. Na goge fayil ɗaya:

del /f /a "D:\Aiki\rahoto.docx"

Na goge folda da duk abin da ke cikinta:

rd /s "D:\Aiki Tsoho"

Ka ga waɗannan alamomin zance biyu da suka rungume adireshin? Rayuwarka a hannunsu take. Wata rana da yamma, ana jira a kashe janareta, ina sauri, na zo goge wata folda mai suna Aiki Tsoho. Na rubuta umarnin ba alamomin, na kuma ƙara masa /q, wato kada ya tambaye ni komai. Kwamfuta ba ta san Aiki Tsoho suna ɗaya ba ne. Da ta ga tazara a tsakani sai ta ɗauka folda biyu na ba ta. Ta share D:\Aiki tas, sannan ta dawo tana gaya mini ba ta ga wani Tsoho ba. A cikin D:\Aiki ɗin nan akwai babi uku na kundin wata ɗaliba da muka kwana biyu muna bugawa. Na buɗe Recycle Bin hannuna na rawa, ba komai, don abin da aka goge ta baƙar taga ba ya biyawa ta kwandon shara. Washegari ta zo karɓa, na rasa bakin magana. "Malam, lafiya?" ta ce. Da takardunta na hannu muka sake bugawa daga farko, kuma ban karɓi ko sisi ba.

Tun daga ranar dokata uku. Ba na rubuta adireshi da hannu: riƙe Shift, danna fayil ɗin da ɓangaren dama, zaɓi Copy as path, zai kwafo shi da alamominsa, sai ka liƙa. Ba na sa /q, ko da kowa a intanet yana sawa. In babu shi a umarnin rd, kwamfuta za ta nuno sunan abin da za ta share ta tambaye ka ko ka tabbata, kuma a wannan daƙiƙar ce ake gane kuskure. Sannan kafin rd, nakan fara rubuta dir da adireshin nan, in ga abin da ke ciki da idona.

Maganar izini kuwa, ta fi zuwa idan ka jona hadis ɗin tsohuwar kwamfuta, domin fayilolin suna ɗauke da sunan tsohon mai su. A baƙar tagar nan dai, layi biyu ne:

takeown /f "E:\Tsohuwa" /r /d y

icacls "E:\Tsohuwa" /grant administrators:F /t

Na farko ya mayar da mallakar hannunka, na biyu ya ba ka cikakken iko, sai ka goge yadda ka saba. 'Yan'uwa na Nijar masu Windows ta Faransanci, ku sa o a madadin y, ku kuma rubuta administrateurs. Amma in sunan da ya hana ka TrustedInstaller ne, yawanci kayan Windows ne kake taɓawa, ka koma ka sake karanta abin da na faɗa a sama.

Saura matsalar suna. A al'adar Windows, adireshin fayil tun daga C har ƙarshen sunansa ba ya wuce harafi 260, kuma folda cikin folda cikin folda nan da nan take cinye su. Mafi sauƙi, ka canza sunayen foldodin sama zuwa harafi ɗaya ɗaya, a, b, c, har adireshin ya gajarta. Mai 7-Zip, manhajar matse fayiloli, ya buɗe foldar ta cikinsa ya danna Shift da Delete. Sunan da ya ƙare da ɗigo ko tazara, ko irin su CON, NUL, PRN da AUX da aka keɓe tun zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, su ne masu sa a ce ba a ga fayil ba. Maganinsu ka sa \\?\ a gaban adireshin:

del "\\?\D:\Aiki\rahoto."

Na filash da memori ba shi da tsawo. Babban katin memori yana da ɗan makulli a gefensa, tura shi sama. In ta ce corrupted, yawanci an fizge shi ne ana tsakiyar rubutu ko wuta ta ɗauke, sai ka kwashe abin da ke kwasuwa tukuna, sannan ka rubuta chkdsk E: /f, ka sa harafin naka filash ɗin a madadin E. In fayilolinka duk sun rikiɗe sun zama 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya, to a nan yaron nan ya yi gaskiya, bairos ne: ka fara wanke shi da Windows Security, sannan attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ya fito da waɗanda aka ɓoye. Filash ɗin da kuma ya ƙi gogewa, ya ƙi karɓar sabo, ya ƙi fomat a kwamfuta biyu daban, ya kulle kansa ne don ya gaji. Kwafe kayanka tun yana bari a karanta, ka sayi wani.