Kurakuran da muke tafkawa wajen zaɓen 'yan zari-ruga na ƙasa

Duk ranar da aka fitar da sunayen Black Stallions, wato tawagar zari-ruga ta Najeriya, sai gardama ta kaure a majalisarmu nan Jos bayan tirenin, kowa da nasa sha biyar a ka, wane ya fi wane gudu, wane ya fi ƙirji. Ni abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba ka taɓa jin an yi maganar mutum na 16 zuwa na 23, alhali wallahi a nan wasa yake lalacewa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa kenan, a zaɓi mutum 15 a ce an gama. Wasa minti 80 ne na karo da turereniya, sunaye 23 ake rubutawa ranar wasa, takwas suna benci, a gasar cin kofin duniya ta 2023 ma mutum 33 kowace ƙasa ta tafi da su. Ku tuna abin da ya samu New Zealand a gasar kofin duniya ta 2011. Dan Carter, lamba 10 ɗinsu da suke ji da shi, ya ji rauni, Colin Slade ya maye gurbinsa shi ma ya ji rauni, Aaron Cruden ya shiga shi ma gwiwa ta fitar da shi ana tsakiyar wasan ƙarshe da Faransa, sai na huɗu Stephen Donald da aka kirawo daga bakin ruwa yana kamun kifi, shi ya buga fenaritin da ya sa suka tashi 8 da 7. Abin lura a nan, Donald ba sabon shiga ba ne, ya sa rigar ƙasa sama da sau 20 kafin wannan ranar. To gyaran kenan. Koci ya ɗauki takarda ya rubuta suna uku a ƙarƙashin kowace lamba daga 1 har 15, kuma na ukun nan ya zama an taɓa sa shi a wasa na gaske ko da minti ashirin ne, ba wai yana zuwa kam, wato sansanin tirenin, yana ɗaukar ruwa ba.

Sai wanda ya fi ba ni tsoro, lamba 1 da 2 da 3, 'yan sahun gaba na sikiram, wato turereniyar da mutum takwas-takwas suke haɗa kafaɗa su yi. Mu a nan da an ga ƙato mai tumbi sai a ce ai wannan furof ne, wato lamba 1 ko 3. Da idona na gani a wani wasan sada zumunta, lamba 3 ɗinmu ya gurɗe a kafaɗa, sai aka juya benci aka yafito wani yaro ƙaƙƙarfa wanda wata biyu kenan da fara zuwa fili. Ya zo kusa da ni yana gyara takalmi hannunsa na rawa ya ce, "Yaya, ina zan sa kaina?" Ban san lokacin da na ruga wajen alƙalin wasa ba, na ce Malam don Allah a daina tura sikiram ɗin nan. Mutum takwas ne fa za su turo mutum takwas, duk nauyin a wuyan na gaba yake sauka, idan bai san yadda zai miƙe bayansa ya kafa ƙafa ba ai sai dai wani labarin. Shi ya sa doka ta ce idan ka rubuta mutum 23 dole shida daga ciki su zama horarrun 'yan sahun gaba, uku a fili uku a benci, idan suka ƙare a daina turawa, wani lokacin ma a rage muku mutum ɗaya. Furof ba a yinsa a sati biyu na kam, shekaru yake ci, don haka tun yaro yana sha shida sha bakwai ya kamata a ware shi a fara gina masa wuya da baya. Kuma mu 'yan Arewa muna da gona a kusa, 'yan kokawa, mutumin da ya saba kama abokin karawa ya sunkuya ya kafe ai rabin aikin ya riga ya iya, saura a koya masa doka da haɗa kafaɗa da na kusa da shi.

Afirka ta Kudu sun gane wannan tun tuni. A kofin duniya na 2019 suna ajiye 'yan gaba, wato masu shiga sikiram, shida a benci da 'yan baya biyu, a wasan ƙarshe na 2023 kuma suka yi bakwai da ɗaya. Minti kaɗan da farawa Bongi Mbonambi lamba 2 ya fita da rauni, ga ɗaya lamba 2 ɗinsu Malcolm Marx tun farkon gasar ya koma gida, sai Deon Fourie mai shekara 37 wanda ya fi buga gefen sikiram amma ya taɓa riƙe lamba 2 a baya, shi ya ja ragamar har aka tashi 12 da 11. Amma fa kada wani kocinmu ya ga haka ya ce shi ma bakwai da ɗaya zai yi, su suna da 'yan wasan da ke riƙe gurbi biyu uku, kai idan lamba 9 ɗinka ya faɗi wa zai karɓa? Biyar da uku ya ishe mu tukuna. Kuma duk maki 12 ɗin nan ƙafar Handré Pollard ce ta kawo su, saboda haka tawaga ba mai bugun raga na biyu a benci ganganci ne.

Akwai kuma kwaso 'yan wasan zari-ruga na mutum bakwai-bakwai a zuba su a wasan sha biyar don kawai suna da gudu. Wancan minti bakwai ne kowane rabi ga fili fetal, wannan kuwa babu wurin gudun sai an sha karo. A ɗauki biyu ko uku a sa su gefe, shi ke nan.

Maganar 'yan ƙasar waje, ni ba na cikin masu cewa kar a kira su. Doka ta yarda idan a nan aka haife ka ko ɗaya daga iyayenka ko kakanninka, kuma tun 2022 wanda ya taɓa buga wa wata ƙasa zai iya dawowa ƙasar asalinsa idan ya yi shekara uku bai buga wa waccan ba. Maro Itoje iyayensa 'yan Najeriya ne, ga shi ya zama kyaftin ɗin Ingila, irinsu da ba su kai can ba suna nan da yawa a ƙananan kulob. Inda ake kuskure shi ne a sauke su filin jirgin Abuja ko Legas saura kwana uku wasa, ba su san kiran jifa daga gefe ba, wato kalmomin sirrin da ke nuna wanda za a jefa wa ƙwallo idan ta fita fili, lamba 2 bai taɓa jefa wa mai tsallen nan ƙwallo ba, sannan yaron gida da ya sha rana shekara guda a ce ya koma benci ba bayani, gobe ka neme shi ka ji ya koma acaɓa. A kira na waje a guraben da muke da giɓi, a yi magana da kulob ɗinsa tun da wuri, a tura masa kiraye-kirayen a WhatsApp ya haddace kafin ya taso, na gida kuma koci ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya, ga dalili, ga wasan da za ka fara.

Sannan don Allah masu zaɓe su riƙa fitowa daga Legas. Kano ana wasan nan, Kaduna ana yi, Jos muna yi. Makazole Mapimpi na Afirka ta Kudu daga wani ƙauye a lardin Eastern Cape ya fito kuma shi ya fara ajiye ƙwallo a bayan layi a wasan ƙarshe na 2019. Zimbabwe ma da ta doke Namibiya a 2025 ta samu gurbin kofin duniya na 2027 a Ostireliya, rabonta da zuwa tun 1991, ai ba daga sama ta faɗo ba, kofin Afirka biyu ta ɗauka a jere. A kawo kam ɗin ƙasa nan Jos ko na sati biyu ne, garin yana kan tudu kusan mita 1,200, ga sanyi, mutum zai yi tirenin safe da yamma bai narke ba, a bar 'yan Filato da Kano da Kaduna su kara da waɗanda aka zaɓa ranar Asabar, mu za mu kawo mutum 23 cif, shida 'yan sahun gaba.