Masu son mayar da gilashin gaban mashin baƙi

Salam 'yan uwa. Na ga ana ta tambaya kan fentin gilashin gaban mashin, to ga yadda nake yi.

Abu na farko, sunansa dai gilashi amma roba ce, don haka kar ka kuskura ka goge shi da fetur ko tina, dusashewa zai yi ya fara tsattsagewa, ni na taɓa asarar guda a haka wallahi. Kwance shi daga jikin mashin ka wanke da omo da ruwa kawai, ya bushe sarai.

Sirrin kuma shi ne ta ciki ake fesawa ba ta waje ba. In ka fesa ta ciki, wajen zai riƙa ƙyalli kamar daga kamfani, kuma tsakuwar hanya ba za ta kankare fentin ba. Rufe ɓangaren waje na gilashin da jarida da salatif, ka ɗan goga sanfefa mai laushi a cikin, sai ka girgiza gwangwanin fentin sosai ka tsaya nesa kamar taƙi ɗaya da rabi kana fesawa sama-sama, ka ba shi minti 15 ka ƙara, sau 3 ya isa. Mai gaggawa shi ne fentinsa ke zuba.

Kuma don Allah a yi cikin ɗaki a buɗe taga, kun san ƙurar Katsina da hunturu, duk sai ta manne.

In gilashinka dogo ne da kake kallon hanya ta cikinsa, ƙasan kaɗai za ka fesa, balle mai bin hanyar Daura da dare.