Yadda ake gano shekarun tsohon dutsen nais ta hanyar zarkon

Dutsen nais da ke cikin manyan tsaunuka asalinsa sau da yawa giranit ne, zafi da matsi suka sake dafa shi har ya yi ratsi-ratsi fari da baƙi. Saboda haka yana da shekaru iri biyu: lokacin da giranit ɗin ya daskare, da lokacin da aka sake gasa shi. Wanda bai tantance wanne yake nema ba, zai samu lamba, amma ba zai san ta mene ne ba.

Abin da ake dogara da shi shi ne zarkon, wani ƙanƙanin ma'adani da ke karɓar yuraniyom lokacin da yake tsirowa, amma ba ya karɓar dalma. Rabin yuraniyom 238 na rikiɗa zuwa dalma 206 a shekara biliyan 4.47, rabin yuraniyom 235 kuma zuwa dalma 207 a shekara miliyan 704. Agogo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya, kowanne na duba ɗan'uwansa.

A fili, a fasa kilo 2 zuwa 5 daga cikin jikin dutsen, inda ruwa da rana ba su ci shi ba. A guji fararen jijiyoyin da suka ratsa shi, domin galibi daga baya suka shigo. In ana son shekarunsu, a ɗebe su daban.

A ɗakin gwaji sai a niƙa, a tankaɗe da rariya mai ƙofa kamar maikiron 250 (wato rubu'in milimita), a wanke ƙura, a janye baƙaƙen ma'adanai da maganaɗisu. Sauran a zuba cikin wani ruwa na musamman mai nauyin 3.3 (wato ya ninka nauyin ruwan sha sau 3.3): farin ma'adanin kwatz zai taso, zarkon mai nauyin kusan 4.6 ya nutse. A tsabtace injin niƙa sosai kafin kowane samfuri, don ƙwaya guda daga aikin jiya ta isa ta ɓata sakamako.

Nan ne aikin yake. A tsinci ƙwayoyi kamar 100, a binne su cikin ƙaron efoksi, a goge har tsakiyarsu ta bayyana, sannan a ɗauki hotonsu da hasken ilektiron. Za a ga ciki da ɓawo. Cikin da ke da siraran zobba a jere shi ne ya tsiro a narkakken dutse. Ɓawo mai haske marar zobba yakan zama na lokacin gashi. Wani sa'in ma akwai wata tsohuwar cibiya da aka gado daga dutsen da ya riga giranit ɗin. Da hasken leza ake harbin ƙwayar don auna yuraniyom da dalma. Ramin da yake yi faɗinsa maikiron 20 zuwa 30 ne, in ya hau kan iyakar ciki da ɓawo sai a samu gauraye, shekarun da babu abin da ya faru a cikinsu. A kauce wa tsaga. Awon sinadarin toriyom a kan yuraniyom ma yana taimakawa: ƙasa da 0.1 yakan nuna ɓawon gashi, kodayake ba kullum ba. Bayan 'yan harbi kaɗan a auna zarkon da aka san shekarunsa, kamar wanda ake kira 91500, mai shekara miliyan 1,065, don gyara na'ura.

Sai a ɗora sakamakon kan lanƙwasar da masani George Wetherill ya fito da ita a 1956, wato zanen da ke nuna inda agogon biyu ke ba da shekaru ɗaya. In agogon biyu sun yarda da juna, ɗigon zai faɗa kanta. In ya faɗo ƙasa, dalma ta zurare, yawanci saboda yuraniyom ya lalata ƙwayar daga ciki. A ja layi ta cikin ɗigogin. Inda ya yanki lanƙwasar daga sama shi ne shekarun asali. Da zarkon aka gano cewa nais na Acasta a Kanada ya kai shekara biliyan 4.

Awon iskar argon a baƙar maika (wani ma'adani na cikin dutsen) ba zai maye gurbin wannan ba, domin agogonta yana farawa ne bayan dutsen ya huce zuwa wajen digiri 300 na ma'aunin Salsiyas, wato labarin tasowar tsaunin yake bayarwa.