Bayan guguwa ta lafa: shawara ga sababbin zuwa Houston

Ɗan'uwa, idan Allah ya sauke ka a Houston ta Amurka, ko wani gari na bakin teku daga Texas zuwa Louisiana har Florida, ka sa a ranka cewa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, kuma ta fi ƙarfi daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Kowa zai ce maka ka tanadi ruwan sha da tocila da batir, ka cika tankin mota. Ka yi duk wannan. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne makonnin da ke biyo baya, lokacin da iska ta tsaya, 'yan jarida suka kwashe kayansu, aka bar mutum da gida mai warin danshi da zuciyar da ta ƙi kwanciya.

A ƙarshen Agustan 2017 guguwar Harvey ta tsaya a kan wannan yanki kwana da kwanaki tana zuba ruwa. A wani wuri gabas da Houston an auna sama da inci 60, fiye da ruwan damina guda a Kano. Mutum kusan 10,000 suka kwana a babban zauren taro na George R. Brown. Sai kuma Beryl, ranar 8 ga Yulin 2024, wadda ba ta kai Harvey ruwa ba, amma ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu wuta a tsakiyar zafi, wasu har fiye da mako guda. Mun saba da ɗauke wuta a gida, amma ginin nan ba irin namu ba ne. An yi shi ne don na'urar sanyaya ɗaki, idan ta mutu babu inda iska za ta shiga, kuma zafin ya yi ajalin mutane.

Wanda bai taɓa ganin aikin bayan ambaliya a nan ba zai yi mamaki. Bangon cikin gida ba bulo ba ne, allo ne mai shan ruwa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna ta fara fitowa, don haka sai a yanke bangon daga ƙasa, a ɓalle kafet, a fito da katifa da kujeru a jibge a bakin titi. Ka tsaya a bakin layi ka ga ƙofar kowane gida da tulin kayansa, har da akwatin da matar gida ta zo da shi daga Zinder ko Zariya, lefenta a ciki ya jiƙe ya yi baƙi. Maigida yana wannan aiki da rana, da dare ya fita tuƙi don kuɗin haya ba ya jira, kuma 'yan gida suna ta bugo waya suna tambayar aiken wata. Idan ka gaishe shi sai ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Ya kwana biyar bai runtsa ba.

A nan ne nake so mu tsaya. Bayan irin wannan masifa, rashin barci, faɗuwar gaba da an ji ƙarar iska, saurin fushi, mantuwa, ciwon kai, ƙin cin abinci, kuka ba dalili, duk abubuwa ne da likitoci suka sani, kuma suna samun mai imani da mai ƙarfin hali. A wurin yawancin mutane suna raguwa da kansu cikin 'yan makonni. Idan suka ƙi tafiya, ko suka hana ka aiki da kula da iyali, lokacin neman taimako ya yi. Mu matsalarmu ita ce da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai tunaninmu ya tafi kan taɓin hankali da gidan mahaukata, sai kunya ta rufe mu. Mutum ya gwammace ya ce "jikina ne ba daɗi" ko "hawan jini ne ya tashi." Alhali abin da ake yi a mafi yawan wuraren nan zama ne da wanda ya koyi sauraro, ya taya ka warware abin da ya cushe maka, ya nuna maka inda za ka samu abin da ka rasa. Ba kowa ake ba magani ba.

Kuma kada wani ya ce maka neman wannan taimako ƙarancin tawakkali ne. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar yana addu'a yana shan magani, babu mai zarginsa. Ka je wurin liman, ka yi azkar ɗinka, ka kuma ɗaga waya.

Ga lambobin da ya kamata ka rubuta a takarda, don waya tana mutuwa. Layin masu damuwa bayan bala'i na gwamnatin tarayya shi ne 1-800-985-5990, ana kira ko a tura saƙo, dare da rana, kyauta. Suna da tafintoci na harsuna sama da 100. Ka faɗi sunan harshenka ka jira, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru suna iya neman Faransanci ko Larabci idan ya fi musu sauri. Idan tunanin kashe kai ya zo maka, ko ka ji irin wannan magana a bakin wani, ka kira 988 nan take, kada ka tsaya yi masa wa'azi kawai. A gundumar Harris, wadda Houston ke ciki, hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce Harris Center, layinta na gaggawa 713-970-7000. Lamba 211 kuwa ita ce ta tambayar abinci, matsuguni, taimakon haya da wuraren shan sanyi. Idan rai na cikin haɗari, 911.

Bayan babban bala'i, hukumar agaji ta tarayya, FEMA, takan ba jiha kuɗin tura masu ba da shawara unguwa-unguwa. A Texas bayan Harvey an kira shirin Texans Recovering Together. Suna zuwa matsugunai da ƙofar gidaje, ba sa karɓar kuɗi, ba sa buɗe maka fayil na asibiti. Idan sun ƙwanƙwasa, ka duba katin shaidarsu, ka ba su kujera. A asibiti kuma, haƙƙinka ne ka nemi tafinta ba tare da ka biya ba, kuma doka ta hana likita baza sirrinka. Ina roƙonka kada ka mai da ɗanka mai shekara 12 tafinta tsakanin uwarsa da likita. Ba za ta faɗi abin da ke ranta a gabansa ba, shi kuma ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Yara suna nuna nasu firgicin ta wata hanya. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya dawo da shi, wani ya liƙe wa uwa, wani da an yi tsawa ya shige ƙarƙashin gado. Duka da tsawa ba sa gyara wannan. A rage musu kallon hotunan ambaliya, a mai da lokacin cin abinci da barci yadda suka saba, a gaya wa mai ba da shawara na makarantarsu abin da ya faru. Dokar tarayya ta ba yaron da bala'i ya raba da gida damar ci gaba da zuwa makarantarsa ko da iyali sun koma wani wuri na wucin gadi.

Maza, ku duba matanku. Kai kana fita kana ganin mutane, ita tana ɗaki da jariri cikin zafi, wataƙila ba ta tuƙi, ba ta da uwa ko ƙanwa kusa. Ƙuncin bayan bala'i yana ƙara rikicin cikin gida, yana kuma tura wasu samari shaye-shaye don su samu barci. 'Yar'uwa, idan abin ya kai ga duka ko barazana, layin 1-800-799-7233 naki ne, kuma yana aiki kowane lokaci.

Batun takardu shi ke hana da yawa daga cikinmu motsi. Matsuguni, abinci, ruwa, agajin Red Cross da shawarar kwantar da hankali ana ba da su ga kowa, kowace irin takarda yake riƙe da ita. Kuɗin FEMA ne ke da sharaɗi: na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira da makamantansu. Ɗalibi ko mai bizar ziyara ba ya ciki, amma iyaye na iya nema da sunan ƙaramin ɗansu da aka haifa a Amurka. Ana nema ta 1-800-621-3362, galibi cikin kwana 60. Ka ɗauki hoton ɓarnar kafin ka fara shara, ka adana kowane rasit. Idan wasiƙa ta zo an ƙi ba ka, sau da yawa wata takarda ce ta ɓace, kuma kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar lauyoyi ta Lone Star Legal Aid na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a kan wannan da rigimar mai gida da ɗan haya. Dokokin shige da fice suna yawan sauyawa, saboda haka duk abin da ya shafi zamanka ka tambayi lauya, kada ka dogara da jita-jitar WhatsApp. Duk wanda ya ce daga FEMA yake kuma ya nemi kuɗi, ɗan damfara ne.

Abu biyu a gurguje. Inshorar gida ko ta ɗan haya ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka sayi ta ambaliya daban, ita kuma galibi sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Janareto kuma ya tsaya waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Kada ya shiga gareji ko baranda, haka ma kurfoti. Hayaƙin ba ya wari, kuma yana kashe iyali suna barci.

Lokacin Harvey masallatan Islamic Society of Greater Houston sun buɗe ƙofa ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, coci-coci ma haka, har wani mai sayar da kayan ɗaki, Jim McIngvale, ya bar mutane suka kwana a kan katifun shagonsa. Ƙungiyoyin agaji na Houston Food Bank da ICNA Relief sun yi rabon abinci. Amma wanda zai fara zuwa gare ka maƙwabcinka ne, don haka ka san shi tun kafin Yuni, ko Bamezike ne ko ɗan Biyetnam. Ku da kuke haɗuwa a masallaci ko coci, ku rubuta sunan kowa da adireshinsa, ku san mai tsoho a gida, mai ciki, mai ciwon suga da maganinsa ke buƙatar firji, da ɗalibin da ke zaune shi kaɗai. Ku ware wani abu daga adashenku don irin wannan rana.

Jaje kuma kada ya ƙare a makon farko. A lokacin kowa na da kuzari, ana ta kai tuwo da ruwa. Gajiyar gaske tana zuwa ne wata biyu ko uku bayan haka, lokacin da takardu suka yi yawa, aljihu ya bushe, kowa ya koma harkarsa. A wannan lokacin ka koma gidan wanda ruwa ya ci, ka zauna, ka tambaye shi ko yana samun barci. Idan ya ce a'a, ka kira layin masu damuwa bayan bala'i tare da shi, ko ka ɗauke shi a motarka zuwa asibiti ka jira shi a waje.