Yadda Ake Taimaka wa Yaro Mai Nauyin Baki

"A ƙyale shi, babansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana." Wannan ita ce amsar da uwa ta fi samu idan ta nuna damuwa cewa ɗanta ya yi nauyin baki. Wasu yaran kam bakinsu kan buɗe da kansa, amma wasu jiran nan ne yake cutar da su, domin shekaru uku na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗaukar harshe. Abin da za a yi ba mai tsada ba ne, kuma mafi yawansa a tsakar gida ake yin sa.

Mataki na farko: ku san inda ya kamata yaro ya kai

Tsakanin wata 6 zuwa 9 jariri kan fara gwaranci, "ba-ba-ba", "da-da-da". Wajen shekara ɗaya yakan waiwayo in an kira sunansa, ya nuna abu da yatsa, ya furta kalma ɗaya ko biyu da ma'ana. Ɗan shekara biyu yakan mallaki kalmomi kamar 50, ya fara haɗa biyu: "Mama ruwa", "Baba tafi". A shekara uku baƙo ma ya kamata ya gane mafi yawan abin da yake faɗa. Tsamin baki daban ne: yaron da ke cewa "luwa" maimakon ruwa yana kan hanya, don sautin "r" da "ts" sukan makara. Wanda za a hanzarta da shi shi ne wanda ya kai shekara ɗaya ba gwaranci ba nuni, ko ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalmomi ba. Wanda kuwa ya fara magana sannan kalmomin suka ɓace, wannan a kai shi asibiti a makon, kada a jira.

Mataki na biyu: a gwada jinsa kafin komai

Nan ne aka fi yin sakaci. Yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba. Iyaye sukan ce "ai yana ji, in an buga ƙofa yana firgita." Jin ƙarar ƙofa daban, rarrabe "kaza" da "ƙasa" daban. Yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa yana jin magana ne dishi-dishi, kuma ba lallai ya yi kukan ciwo ba.

A ƙasarmu abubuwan da ke taɓa jin yara sananne ne: sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a makon haihuwa, kunne mai yawan zubar da mugunya, haihuwar bakwaini, da wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su barkatai ba bisa umarnin likita ba. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ko da ya warke sarai. Ana yin gwajin a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Akwai na'urar da ke gwada jariri yana barci, don haka babu yaron da ya yi ƙanƙanta da gwaji. Kafin ku je, kada a ɗiga masa manja ko ruwan ganye a kunne, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza.

Sai batun wanzami. Cire beli ba ya buɗe bakin yaro, kuma yana iya jawo zubar jini ko shigar ƙwayar cuta. Linzami kuwa, wato tantanin da ke ɗaure ƙasan harshe, yakan hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana yaro sanin kalmomi ba. In kuna zarginsa, likita ya duba.

Mataki na uku: ku sauya yadda kuke magana da shi

Ko an samu ƙwararre ko ba a samu ba, wannan shi ne asalin maganin. Ki durƙusa ko ki zauna a tabarma yadda fuskarki za ta daidaita da tasa, ya ga leɓɓanki. Yaron da ke goye yana jin murya amma ba ya ganin baki, saboda haka a sauke shi a fuskance shi sau da yawa a yini.

Ki bi abin da hankalinsa yake kai. In yana kallon akuya, zancen akuya za a yi: "Akuya! Akuya tana cin dusa. Mee!" Lokacin wanka, "ruwa, sabulu, ƙafa, wanke ƙafa." Lokacin cin abinci, "tuwo, zafi, hura." Gajerun jimloli, a hankali, ana maimaita kalma ɗaya sau da dama ba gajiya.

Sannan ki koyi yin shiru. Wannan ya fi komai wuya ga uwa mai tausayi, wadda ta san buƙatar ɗanta tun kafin ya motsa. In ya miƙa hannu wajen randa, kada ki ɗebo nan take. Ki kalle shi, ki ƙirga biyar a zuci. In ya yi wani sauti, ko "wa" ne, ki karɓa da murna ki ce "ruwa!" ki ba shi. In bai ce komai ba, ki faɗi kalmar ki ba shi, kada a mayar da abin horo har ya yi kuka. Ba shi zaɓi ma yana aiki: ki riƙe abu biyu ki ce "ƙosai ko ayaba?" Yayyensa su ma a ja musu kunne su daina amsawa a madadinsa.

In ya faɗi kalma ɗaya, ki ƙara masa ɗaya. Ya ce "mota", ki ce "mota ja" ko "mota ta tafi". In ya yi kuskure kada a ce "ba haka ba ne, sake faɗa." A mayar masa da daidai kawai: ya ce "luwa", ki ce "e, ga ruwa." A rage jarrabawar "mene ne wannan? ce kaza!" a gaban baƙi, tana rufe bakin yaro.

Akwai wani abu namu da ya kamata a faɗa. Kunyar ɗan fari kan sa uwa ta ƙi kiran sunansa, ta ƙi yi masa wasa a gaban mutane. A gidan yawa kaka da gwaggo da 'yan raino suna cike wannan giɓin. Amma yau amarya tana gidan haya ita kaɗai da jariri, miji ya fita tun safe. In ta riƙe alkunya a nan, wa zai yi wa yaron hira? Ki kira shi da laƙabi in sunan ya yi miki nauyi, amma ki yi masa magana. Kai ma maigida, minti goma bayan sallar isha'i kana ɗauke da shi kuna hira ba zai rage maka girma ba.

Waƙoƙin tawai da tatsuniya kayan aiki ne da muke da su tun kaka da kakanni. Ki ce "ga ta nan, ga ta nan..." ki tsaya, ki bar shi ya cike "ku". Haka a waƙar da ya saba ji: a tsaya kafin kalmar ƙarshe a jira shi.

Mataki na huɗu: a karɓe waya

Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Katun yana magana, amma ba ya jiran amsar yaro. Yawan yare kuwa ba shi ke jawo nauyin baki ba: gidan da ake Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Turanci, su ci gaba. Ki yi masa yaren da ya fi zama a bakinki.

Mataki na biyar: ganin ƙwararren mai gyaran magana

Ba su da yawa, an fi samun su a asibitocin koyarwa da manyan birane, likitan yara ko na kunne ne zai tura ku. Ku tafi da katin rigakafi, da jerin kalmomin da yake faɗa, da ɗan bidiyon da kuka ɗauka yana wasa a gida, don yara kan yi gum a gaban baƙo. Ku faɗi komai: wahalar haihuwa, farfaɗiya, ko akwai kurma ko mai in'ina a dangi. In ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu don a gani tare da shi, yana maimaita motsi ɗaya, ku ambata, za a duba ko galahanga ce, wadda ake kira "autism" da Turanci.

Kada ki zauna a waje ana yi masa aiki a ciki. Ki shiga ki kalla, ki gwada a gaban ƙwararren ya gyara miki, ki nemi abu biyu ko uku da za ki riƙa yi kullum, domin shi sau ɗaya a mako zai gan shi, sauran kwana shida naki ne. In an ce ya fara da alamar hannu ko hotuna, ku yarda, ba sa hana magana fitowa, rage masa fushi suke yi. In kuma gwaji ya nuna kurumta, a nemi na'urar ji da wuri, a fara maganar hannu da shi a gida, a kuma tuntuɓi makarantun kurame irin ta Tudun Maliki da ke Kano.

In'ina takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kuma mafi yawan yara tana barinsu. Kada a yi masa dariya ko tsawa, kada a ƙarasa masa magana, kada a ce "nutsu ka faɗa." Ku ne za ku sassauta taku maganar. In ta wuce wata shida, ko yana matse fuska yana gudun magana, a kai shi.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kowace sabuwar kalma ko alama da kwanan wata, har da irin "mee" da "bum" in yana nufin wani abu da su. Bayan wata uku ki duba. In jerin bai ƙaru ba, ki koma asibiti da littafin, ki nemi a sake gwada jinsa ko da na farko ya nuna lafiya lau, domin ruwan kunne yana zuwa yana tafiya.