Ku ɗauki muryar kaka tana tatsuniya

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai sauran tsohuwa a gida, don Allah ya naɗi tatsuniyoyinta da waya tun tana da ƙarfi.

Kada a tare ta da rana, tsofaffi da yawa ba sa yarda, don al'ada ta hana tatsuniya da rana. A bari sai bayan sallar isha, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a tara yara. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta." Amshin nan ne ke sa ta saki jiki, har ta kwaikwayi tsamin bakin Gizo yana kiran Ƙoƙi, ta rera waƙar da ke tsakiyar labarin. Waƙoƙin nan su ne suka fi saurin ɓacewa, shi ya sa nake damuwa da su.

A ajiye wayar kusa da ita, a rufe layi kada kira ya katse. Kada a gyara mata harshe: Sakkwatanci ne ko Hausar Damagaram, a bar shi yadda ya fito har "Ƙurunƙus".

A rubuta garinta da shekarar, a tura wa dangi kwafi. Kafin a sa a Facebook kuma, a nemi izininta.